Darasi: Jinya a gida bayan tiyatar gyaran hanci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Toh yau dai zan amsa tambayar nan ta yadda ake jinya a gida bayan tiyatar gyaran hanci, wadda kuka dame ni da ita tun da na ce ni na yi jinyar ƙanwata da aka yi mata aikin hanci a Istanbul. Ita dama ƙashin tsakiyar hancinta a karkace yake, ba ta iya numfashi sosai, sai likitan ya haɗa da gyaran siffar gaba ɗaya. Aikin kansa awa uku bai cika ba, amma jinyar, hmm, nan ne ake yin ta.

Abu na farko, ke da aka yi wa aikin, kar ki tsorata da madubi. Kwana na biyu zuwa na uku shi ne kumburi ya fi tsanani, ƙarƙashin ido ya yi baƙi kamar an yi dambe da ke, ƙanwata sai da ta fashe da kuka wai ta ɓata fuskarta da kuɗinta. Na ce ke yi shiru, kukan ma majina zai jawo miki kuma ba halin fyacewa. Yauwa, wannan ki riƙe shi da kyau, ba a fyace hanci, aƙalla sati biyu ko yadda likitanki ya faɗa. In atishawa ta zo ki buɗe baki ta fita ta nan. Ɗan jini-jini da ruwa da ke ɗiga kwanakin farko ba komai ba ne, akwai ɗan bandeji da ake mannawa a ƙasan hanci, in ya jiƙe ki canja.

Kwanciya kuma rigingine, filo biyu ko uku, kai ya fi ƙirji tudu. Ba rub da ciki, ba gefe. Mu har filo muka jera mata hagu da dama saboda ita mai juyi ce cikin barci. Kuma da baki za ki riƙa numfashi, maƙogwaro zai bushe ƙamas, ki ajiye ruwa kusa da gado. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta a ɗora a kumatu, ba a kan hancin ba, kar ku ce ban faɗa ba.

Magani, abin da likita ya rubuta kaɗai. Paracetamol ba matsala, amma aspirin da ibuprofen suna sa jini ya ƙi tsayawa, ki bar su sai an ce miki ki sha. Sigari da shisha kuwa a manta da su, suna hana ciwo warkewa.

Toh ga inda takardar asibitin can ba za ta taimake ki ba, sai mu nan. Alwala, ba shaƙa ruwa, kuma filastan nan mai tauri da ke kan hanci ba a so ya jiƙe har a cire shi, wajen kwana bakwai ke nan. Sujada ma sunkuyawa ce, jini na taruwa a fuska, ƙanwata a zaune ta riƙa sallah tana nuni, ki tambayi malaminki ya yi miki bayani dalla-dalla. Turaren wuta, na san za a ji haushina, amma a ɗaga masa ƙafa, haka yaji da tsayawa kan murhu, duk atishawa suke kawowa. Sannan 'yan dubiya, wayyo, goggo za ta zo ta ce kawo ruwan zafi a gasa wurin kumburin ya saɓe. A'a goggo, Allah ya saka da alheri, ba targaɗe ba ne. Mai goyo ki kula da kan yaro, karo ɗaya ya isa ya mayar da ke asibiti. Hijabi ki buɗe wuyan sosai kafin ki zura, ko ki yi ta mayafi da riga mai maɓalli tukuna. In lokacin hunturu kika dawo, ƙura da bushewa za su dame ki, ruwan gishirin fesawa da aka ba ki shi ne abokinki.

Tabarau kar ya zauna kan hanci har sati huɗu zuwa shida, ɗaukar kaya mai nauyi da motsa jiki ma kusan haka.

Amma in jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya haura 38, ko ruwa mai wari, ko ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ba saƙon WhatsApp za ki tsaya turawa Turkiyya ba, ki nufi asibiti mafi kusa a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Kuma mu fatar hancinmu tana da kauri, kumburin kan hancin yakan kai shekara, wani ma shekara da rabi, kafin ainihin siffar ta fito. In an yanka gefen ƙofofin hanci kuma jikinki mai yin tabo mai tudu ne, ki nuna wa likita da wuri. Ƙanwata yanzu wata tara, har yau da safe takan tashi da shi a ɗan cike, zuwa la'asar ya sauka. Toh bari na tsaya nan, ana kiran sallah, sai mun haɗu a na gaba.