Shuɗiyar takarda a ƙofar gandu: rigimar lasisin dare a ƙauyukan Ingila

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhin namu na yau zai kai mu karkarar Ingila, inda ake yawan kai ruwa rana tsakanin mazauna ƙauyuka da masu manyan gidajen gandu, irin katafaren gidajen nan na gado da ke zaune a tsakiyar makiyaya da daji. Mai gandu na neman lasisin sayar da barasa da sa kiɗa har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Maƙwabta kuma na tambayar yaushe za su runtsa.

Ba haka kawai masu gandun suka faɗa wannan sana'a ba. Gidan da ya shekara ɗari uku, mai ɗakuna barkatai da rufin dalma, cin kuɗi yake yi kullum, noma kaɗai kuwa ba ya riƙe shi. Gandun Knebworth da ke lardin Hertfordshire ya soma karɓar manyan wasannin kiɗa tun 1974. Sai dokar aure ta 1994 ta ba da damar a ɗaura aure irin na rajista a wuraren da hukuma ta amince da su, ba lallai sai a coci ko ofishin rajista ba. Daga nan kasuwar biki ta buɗe, rumbunan hatsi da dangar dawaki suka koma zaurukan liyafa.

Dokar da ke tafiyar da lamarin a Ingila da Wales ita ce dokar lasisi ta 2003, wadda ta soma aiki a watan Nuwamban 2005. Ita ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ba da izinin sayar da barasa, da shirya nishaɗi irin su kiɗa da rawa, da sayar da abinci ko abin sha mai zafi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba. Ta kuma kafa manufofi huɗu waɗanda da su kaɗai ake auna kowace buƙata: hana laifi da hargitsi, kare lafiyar masu halartar wurin, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. A riƙe waɗannan huɗun, domin duk ƙorafin da bai rataya a kan ɗayansu ba, ko kallonsa ba za a yi ba.

To ta yaya ɗan ƙauye yake sanin an nemi lasisi? Nan ne matsala ta farko. Mai nema zai liƙa sanarwa a kan takarda mai launin shuɗi-shuɗi, girmanta bai gaza na takardar ofis ta A4 ba, ta zauna kwana 28 a jere inda mai wucewa zai iya karantawa. Idan wurin babba ne, za a maimaita ta kowace mita 50 a gefen da ya yi iyaka da titi. Zai kuma buga sanarwa a jaridar yankin cikin kwanakin aiki 10. Shi ke nan. Doka ba ta tilasta a aika wa maƙwabta wasiƙa ba. A cikin gari wannan tsari yana aiki, don mutane na bi ta gaban shago da ƙafa. Amma ƙofar gandu tana iya kasancewa a bakin wata siririyar hanya da ba mai bi sai a mota, gidan da zai fi shan ƙarar kuma yana can bayan gandun, tsallaken kwari, mai shi bai taɓa ratsa wannan ƙofa ba. Kwanakin 28 suna ƙarewa, ƙofar ƙorafi ta rufe. Idan kuwa ba wanda ya ce uffan, ƙaramar hukuma ba ta da zaɓi, dole ta ba da lasisin kamar yadda aka nema. Mutane da dama ba su san wannan ba, suna zaton wani jami'i zai duba ya ce ƙarfe biyu ya yi dare da yawa. Sai dai idan 'yan sanda, ko sashen kula da tsaftar muhalli, ko hukumar kashe gobara, ko wani mazauni ya rubuta ƙorafi, sannan ake zama.

Tun watan Afrilun 2012 an cire sharaɗin cewa sai wanda ke kusa da wurin zai yi ƙorafi, yanzu kowa na iya yi. Amma ba kasafai ake ɓoye suna ba: za a miƙa wa mai neman lasisin kwafin takardar, da suna da adireshi. A ƙauyen da rabin mutanensa ke haya a gidajen gandun, ko ɗansu ke aiki a can, wannan kaɗai ya isa ya sa wasu su haɗiye maganarsu. Shi ya sa sau tari majalisar ƙauye ce ke rubutawa a madadin jama'a.

Idan ƙorafi ya shiga, za a kira zama cikin kwanakin aiki 20 bayan cikar wa'adin, a gaban kansiloli uku. Abin da ke kayar da mazauna a wannan zama, yawanci ba rashin gaskiya ba ne, kawo hujjar da ba ta wurin ba ce. Darajar gidana za ta faɗi: ba ruwan dokar lasisi. Ai akwai zaurukan biki biyu a yankin, ba ma buƙatar na uku: buƙatar kasuwa ba ma'auni ba ce. Ginin bai dace da kyan karkara ba: wannan na sashen tsara gine-gine ne, kwamiti dabam da doka dabam. Har cunkoson motoci ma, idan an kawo shi tsurarsa, akan ce na hukumar tituna ne. Sai an nuna cewa motoci ɗari da za su fito ƙarfe ɗaya na dare ta hanya guda, suna buga ƙofofi da hon a ƙarƙashin tagogin mutane, damun jama'a ne, sannan ya shiga lissafi. Kuma tun shari'ar kamfanin Thwaites a Babbar Kotu a 2008, lauyoyin masu neman lasisi suke tuna wa kansiloli cewa hukunci ba ya tsayawa a kan fargaba zalla, sai da hujja. Takardar koke mai sa hannu ɗari biyu da ke cewa ba ma so ba ta kai nauyin littafin mutum ɗaya da ya rubuta rana, da lokacin da kiɗa ya tashi, da lokacin da ya tsaya, da ɗakin da ya ji shi, da ko taga a rufe take.

Bari mu ɗan dakata a kan ƙarar kanta, don ita ce ƙashin bayan rigimar. Mai gandu kan ce, gida mafi kusa yana nisan rabin kilomita, wa zai ji? Lissafin bai goyi bayansa ba. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa ne da kimanin desibel 6 kacal, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Lasifikar da ke ba da desibel 95 a nisan mita 10, a mita 320 tana kusan 65, a mita 640 tana kusan 59, kafin a cire abin da ƙasa da iska suka shanye. Ƙauye kuwa cikin dare shirunsa kan sauka ƙasa da desibel 30. Ba ƙarfin kiɗan kaɗai ke tayar da mutum ba, tazarar da ke tsakaninsa da shirun wurin ce. Ga kuma halin dare: idan sama ta washe, iska ta kwanta, ƙasa ta yi sanyi, iskar da ke sama ta fi ta ƙasa ɗumi, sai sautin ya lanƙwaso ya dawo ƙasa maimakon ya tashi sama. Shi ya sa gwajin da aka yi ƙarfe uku na rana bai faɗi komai game da ƙarfe sha biyun dare ba. Bishiyoyin da ake nunawa a taswira ba su tare wani abin kirki, tantin biki kuwa tamfol ne, sauti na ratsa shi kamar babu.

Mafi muni shi ne dukan ganga mai kauri, wanda ake ji a ƙirji. Wannan sauti yana tafiya nesa, yana ratsa bango da gilashi. Ma'aunin da aka saba amfani da shi, mai alamar A, an tsara shi ne ya kwaikwayi kunnen ɗan Adam, saboda haka yana zaftare kimanin desibel 26 daga sauti mai kauri na zangon hertz 63, hertz kuwa shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Sai na'ura ta nuna komai lafiya, alhali mutum na kwance yana ƙirga dukan ganga. Duk sharaɗin da bai sa wa zangon hertz 63 da 125 iyaka ta dabam ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Akwai ƙa'idar da jami'an muhalli ke dogara da ita tun 1995 game da wasannin kiɗa na fili. Ta ce wurin karkara da ke yin wasa kwana ɗaya zuwa uku a shekara, kada ƙarar ta wuce desibel 65 a ma'aunin minti 15, a auna mita ɗaya daga bangon gidan maƙwabci. Idan kwana huɗu zuwa 12 ne, kada ta ɗara shirun wurin da fiye da desibel 15. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 9 na safe kuwa, kada a ji kiɗan a cikin gida, ko da taga na buɗe don shan iska. Amma ƙa'ida ce, ba doka ba, sai an rubuta ta cikin lasisi take ɗaure kowa. Kuma an yi ta ne don wasanni jefi-jefi, ba don zauren da ke biki kowace Asabar daga Mayu zuwa Satumba ba. Kalmar "kada a ji" ma tana da nata tarko, domin a 2011 Babbar Kotu ta ga irin wannan sharaɗi bai fayyace ba: kunnen wa, a wane ɗaki? Lamba ta fi tsayawa a kotu.

A ganinmu, mazaunan da ke zuwa zaman da niyyar a ƙi ba da lasisin ɗungurungum su suka fi komawa hannu rabbana, don ba kasafai ake ƙi ba. Masu cin riba su ne waɗanda suka zo da sharuɗɗa a rubuce. A faɗi adadin ranakun da za a wuce ƙarfe 11 a shekara. A sa na'urar taƙaita ƙara wadda jami'in ƙaramar hukuma zai saita ya kulle, a kuma hana makaɗa zuwa da nasu lasifikokin, don ta nan ake kewaye na'urar. Bayan 11 kiɗa ya koma cikin gini mai bango, ƙofofi da tagogi a rufe, abin da ke nufin sai an sa na'urar sanyaya ɗaki, in ba haka ba wani baƙo zai tokare ƙofa da kujera da zarar zafi ya taso. A fayyace inda tasi za su ɗauki mutane, da hanyar fita, da lokacin da za a daina zuba kwalabe a bola, da inda janareta zai zauna. A ba da lambar wayar da mutum zai ɗauka a daren bikin, ba ta ofis da ke buɗewa Litinin ba. Sannan a duba jan layin da aka zana a taswira don nuna iyakar wurin da lasisin ya shafa: zaure ɗaya ya kewaye, ko gandun gaba ɗaya?

Dalilin nacewa a kan rubutu shi ne lasisin ba ya ƙarewa. Kuɗin shekara kawai ake biya. Mai gandu na yau yana iya rantsuwa cewa biki goma kawai zai yi, da gaske kuma yake. Gobe ya sayar wa kamfani, lasisin ya bi wurin, maƙwabta ba su da ta cewa a canjin hannun. Sabon mai shi ba ruwansa da alkawarin baki.

Ko an ɗaure sharuɗɗan tam, akwai ramuka biyu. Na farko, tun dokar kiɗa ta 2012 da faɗaɗawar 2015, wurin da ke da lasisin shan barasa a ciki yana iya sa kiɗa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 na dare ga mutanen da ba su wuce 500 ba, ba tare da wani izini ba, sharuɗɗan kiɗa kuma suna jingine a waɗannan sa'o'i. Na biyu shi ne sanarwar taro na wucin gadi. Da fam 21 da sanarwar kwanakin aiki 10, ana iya yin taron mutum 499, har da ma'aikata, na tsawon sa'o'i 168. Wuri guda yana da damar irin wannan sau 15 a shekara, jimillar kwana 21. 'Yan sanda da jami'an muhalli kaɗai ke iya ƙin amincewa, cikin kwanakin aiki uku. Mazauna ba su da baki, ba ma a liƙa shuɗiyar takardar. Wannan gurbi muna ganin ya cancanci gyara, domin gandun da aka hana wuce ƙarfe 11 zai iya samun dararen Asabar 15 ta wannan hanya. Wasan tartsatsin wuta shi dai yana da tasa doka ta 2004, wadda ta hana shi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, ban da wasu darare huɗu na bukukuwa.

'Yan uwanmu da ke zaune a Birtaniya masu hayar irin waɗannan wurare don biki, ku nemi ganin lasisin kafin ku biya kafin alƙalami. Idan an rubuta kiɗa ya tsaya 11, to ko amarya ba ta iso ba za a kashe.

Wanda hukuncin kansiloli bai yi wa daɗi ba, mai gandu ne ko mai ƙorafi, yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare, da sanin cewa kotu na iya ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin shari'a. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce neman a sake duba lasisin, wadda kowa zai iya nema bayan an soma aiki da shi. A nan kansiloli na iya ƙara sharaɗi, ko su dawo da na kiɗan da aka jingine, ko su dakatar da lasisin har wata uku, ko su soke shi. A gefe guda kuma dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon aika takardar umarnin rage ƙara, ko da wurin yana da lasisi. Duka hanyoyin biyu abu guda za a fara tambayar mai ƙorafi: ina littafin da ka rubuta ranaku da lokuta, kuma sau nawa ka kira ƙaramar hukuma a daren da abin ke faruwa?