"Ku Jira Juna": Lacca a Wusasa Kan Tsattsaguwa da Ɗayantakar Masu Bi

Wani dattijon malamin Littafi Mai Tsarki ne ya gabatar da wannan lacca da yammacin wata Asabar a Wusasa, Zariya, gaban matasa da 'yan zumuntar mata na ɗariku daban-daban. An rubuto ta daga rakodi, yadda ya faɗa.

Salama, 'yan'uwa. Na baya, kuna jina? To madalla. Iyayenmu mata, sannunku da hanya. Na ga na Samaru, na ga na Sabon Gari, ga na Tudun Wada can sun cika benci guda. Ubangiji ya saka.

Abu huɗu na zo da su. Ku buɗe Korintiyawa ta fari, sura 1, ku sa yatsa a wurin.

Na farko, tsattsaguwa ba yau ta fara ba. Ina yawan jin matasa na cewa ai ikilisiyar farko ba ta san rigima ba, mu ne muka lalace. Ɗana, karanta da kyau. Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:11, wajen shekara ta 50 zuwa 52 ke nan. Ya tashi. Ba a yi shekara biyar ba, yana Afisa, sai ga mutanen gidan Kuluwi da labari: gida ya rabu. Wannan na cewa ni na Bulus ne, wancan ni na Afolos ne, wani na Kefas, wato Bitrus, wani kuma ya ce shi na Almasihu ne. A ganina na ƙarshen nan ya fi wuyar magani, domin ya ɗauki sunan da ya kamata ya rufe kowa, ya mai da shi tutar ɓangarensa. Sai Bulus ya jefa musu tambaya: an rarraba Almasihu ne? Bulus aka gicciye dominku?

Kuma ku duba aya 14 zuwa 16, ina son wurin nan ƙwarai. Ya ce ban yi wa kowa baftisma a cikinku ba sai Kirisbus da Gayus. Sai ya tuna, af, da iyalin Istifanas. Sai ya ce sauran kuma ban sani ba ko akwai. (dariya) Manzo guda bai riƙe rajistar baftisma ba! Ya manta ne domin bai taɓa ƙirga su a matsayin mutanensa ba.

Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci, sikisma, yagewar tufa take nufi. Ita ce Yesu ya faɗa a Markus 2:21, inda aka yi wa tsohuwar riga faci da sabon ƙyalle. Da Bulus ya ce ku haɗu kuwa, a aya 10, kalmar ita ce ta Markus 1:19, inda Yakubu da Yahaya ke zaune cikin jirgi suna gyaran tarunsu. Akwai tela a nan? Yawwa, ga Mama can. Mama, riga in ta yage, jefarwa ake yi? A'a. Zama ake yi da allura da zare.

To, na biyu. Nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni, domin nan zuciyata take.

A ina yagewar take fara bayyana? Mu mun ɗauka a kan koyarwa ne, a ɗakin taron dattawa. Ni kuwa, shekarun da na yi ina karanta wasiƙun nan, kullum sai in tarar da ita a bakin kwano. Ku juya sura 11, daga aya 17. Bulus ya ce taruwarku ba ta kawo gyara, ɓarna take ƙarawa. Me suka yi? Sun yi musun tashin matattu ne a wurin? A'a, wannan sai sura 15. A nan abinci ne. Wani na jin yunwa, wani ya bugu.

Bari in zana muku. A lokacin babu majami'a irin tamu, a gidan mai hali ake taruwa. Ɗakin cin abinci na gidan Romawa gadaje uku ne, kowane mutum uku, a kishingiɗe. Mutum tara ke nan, in an matsa a ɗan ƙara. Sauran fa? Tsakar gida. Kuma Lahadi ba ranar hutu ba ce a wancan zamani, sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya mai da ita haka. To ka lissafa da kanka. Mai gida da abokansa masu sukuni, wa zai hana su zuwa da wuri? Bawa kuwa sai uban gidansa ya sallame shi. Ɗan dako a tashar jiragen ruwa sai an gama sauke kaya. Ya iso da gumi, ya tarar an cinye, ya tsaya a tsakar gida yana jin dariya daga ɗaki. Sannan a ce masa zo mu ci Jibin Ubangiji, mu jiki ɗaya ne.

Bulus ya ce wannan ba Jibin Ubangiji ba ne. Kun ji nauyin maganar? Gurasa tana nan, ƙoƙo yana nan, an yi addu'a daidai, amma ya ce ba shi ba ne. Ya ce kuna raina ikilisiyar Allah, kuna kunyatar da marasa shi. Kuma maganin da ya bayar, aya 33, ba kwamiti ba ne. Ya ce in kun taru cin abinci, ku jira juna. Shi ke nan. Ku jira juna.

Ina yaro, gidanmu kwano ɗaya muke ci, mu shida maza. Tuwon dawa da miyar kuka, wata rana karkashi. Ƙanenmu ƙarami shi ke kora awaki gida, kullum shi ne na ƙarshe. Babanmu ya kafa doka: ba mai sa hannu sai ya zo ya wanke nasa. Tuwo na huce, ciki na kuka, muna hararar ƙofa. Wata rana yayanmu ya ce, Baba, a ɗebar masa nasa mana a ajiye. Baba ya ce, in an ɗebar masa ya ƙoshi, amma ya zama baƙo. Shekara sittin da wani abu ke nan, maganar ba ta bar kunnena ba. Ya ƙoshi, amma ya zama baƙo.

Yanzu ku zo gida. Ranar godiyar kaka ko ranar bikin aure, a yawancin ikilisiyoyinmu, ba na kiran suna, ina ake kai manyan baƙi bayan sujada? Falon fasto, shinkafa da kaza da lemo mai sanyi. Tsohuwar da ta tako da ƙafa daga ƙauye, ta kawo tiya biyu ta masara baiko, wadda ita ce ta fi kowa bayarwa in an bi lissafin Yesu, tana ina? Gindin mangwaro, tana jiran abin da ya rage. Ba mugunta muke yi ba, na sani, girmama baƙo al'adarmu ce mai kyau. Amma ku gaya mini bambancin wannan da Korinti.

Haka Antakiya. Galatiyawa 2, daga aya 11. Bitrus yana ci tare da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, lafiya lau. Da wasu suka zo daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu, sai ya janye jiki. Bai yi wa'azin ƙarya ba, bai canza ko kalma ɗaya ba, tabarma kawai ya canza. Har Barnaba ya bi shi. Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa, ya ce ba ku tafiya daidai da gaskiyar bishara. Wato inda ka zauna cin abinci wa'azi ne, ko ba ka buɗe baki ba.

Kuma tun kafin wannan, Ayyukan Manzanni 6, rigimar farko a Urushalima, kan me? Rabon abinci! Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata. Harshe biyu a ikilisiya ɗaya. Wannan bai yi muku kama da wani wuri ba? Sujadar Turanci da safe, sujadar Hausa daga baya, mutane na wucewa ta gefen juna a bakin ƙofa shekara goma ba su san sunan juna ba. Manzanni ba su ce a yi shiru ana ɓata sunan ikilisiya ba. Suka ce a zaɓi mutum bakwai. Je ka karanta sunayen, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, duka bakwai sunayen Helenanci ne. Ga dukkan alama ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa ludayi. Wa zai yi wannan yau? Wace ƙabila ce mai rinjaye a majalisar dattawa za ta ce wa 'yan tsiraru, ku riƙe ma'aji?

Mai kula da lokaci yana ɗaga mini takarda. Na gani, ɗana, na gani.

Na uku da sauri. Ɗayantaka ba ita ce kowa ya zama kamar kowa ba. Romawa 14: wani na cin kome, wani ganye kaɗai, wani na girmama wata rana, wani duk ɗaya ne a wurinsa, Bulus ya ce kada ku yanke wa juna hukunci. Korintiyawa ta fari 12, in duk jiki ido ne, da me za a ji? Mu nan ma hanyoyi daban-daban bishara ta bi ta same mu. Walter Gowans na ƙungiyar mishan ta SIM ya rasu a garin Girku a 1894. Likita Miller na CMS, mishan ta Angilika, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, mishan ta dawo nan Wusasa a 1929. Amma da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Angilika da na SIM da na wata mishan ɗin, SUM, duk shi suka ɗauka. Aka kafa CAN, Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a 1976, abu mai kyau, sai dai haɗuwar shugabanni a sama ba ta isa ta sa maƙwabta su ci tare ba. Afisawa 4:3 ba ta ce ku ƙirƙiro ɗayantaka ba, cewa ta yi ku kiyaye ta, domin Ruhu ya riga ya bayar. Sai na huɗu, addu'ar Yesu a Yahaya 17:21, su zama ɗaya domin duniya ta ba da gaskiya. Mu da muke zaune tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, muna kasuwa ɗaya, muna gaisawa kullum... na ga hannu. Bari ya yi tambayarsa. Ɗaga murya, ɗana.

(Wani saurayi: Baba, ai Bulus ɗin da kansa ya rabu da Barnaba. To wa ke da gaskiya a cikinsu? Domin a ikilisiyarmu an rabu shekara uku ke nan, babana yana ɓangare ɗaya, ƙanensa yana ɗayan, ko gaisawa ba sa yi.)

Allah sarki. Zauna, ɗana. Na gode da ba ka ɓoye ba.

Ƙarshen Ayyukan Manzanni 15 kake nufi. Barnaba yana so a tafi da Yahaya Markus, Bulus ya ce a'a, yaron nan ya bar mu a Bamfiliya. Gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Kuma Markus ɗan'uwan Barnaba ne na jini, Kolosiyawa 4:10, ka ga irin ta gidanku ce, dangi ya shiga ciki. Luka da ya rubuta labarin bai ce wane ne mai gaskiya ba, ni ma ba zan faɗa ba, kuma kada ka bari a sa ka zama alƙali tsakanin iyayenka.

Amma bi sawun abin da ya biyo baya. A Korintiyawa ta fari 9:6 Bulus ya ambaci Barnaba a matsayin abokin aiki, ba zagi, ba habaici. Ba su koma tafiya tare ba a iya abin da aka rubuta, amma bai ɓata masa suna ba. Sannan a Timoti ta biyu 4:11, yana kurkuku, ƙarshe ya matso, ya ce Luka kaɗai ke tare da ni, ka zo da Markus, yana da amfani a gare ni. Yaron da ya ƙi ɗauka, shi yake nema.

Baffan naka a ina yake zaune? Muciya? Ai ba nisa, kuɗin Keke Napep ne. Yaushe rabonka da gidansa? To. Kai ba ka yi faɗa da shi ba. Gobe bayan sujada ka gaya wa babanka cikin ladabi za ka je gaida baffa, kada ka tafi a ɓoye. Kada ka ɗauki maganar ikilisiya, ko ya tayar ka ce gaisuwa ka zo. In an kawo abinci, kada ka ce ka ƙoshi. Ka wanke hannu ka ci tare da 'ya'yansa. Mako mai zuwa ka sake komawa. In an tashi ka same ni a bakin ƙofa, ina so in ji sunayensu biyun, zan riƙa sa su a addu'a.

Mama mai waƙa, ɗauko mana wadda kowa ya sani, mu miƙe.