Fatsa da Ƙwaron Gashi: Yadda Ake Kama Kifi a Rafukan Duwatsu

Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya taɓa zama bakin gulbin Rima a Kwalkwalawa bayan ruwan farko ya san abin da zan faɗa. Shinge ya tashi, ya faɗa kan ruwa, sai ka ga karfasa ta ɗago ta wafce shi, ruwan ya yi ɗan zobe. To, a kan wannan wafcewar wasu mutane a Turai da Amurka suka gina irin tasu fatsar.

Mu mun saba da tana a bakin ƙugiya, ko homa da gora irin na Argungu. Su kuwa gashin tsuntsu da zare suke ɗaurawa a ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Har gashin zabo suna sa wa, irin wanda muke zubarwa bayan mun fige shi. Ƙwaron ba shi da nauyi, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar shi idan an wurga. Kifin da suke nema sunansa tirawut, mai son ruwan sanyi ƙarara.

A nan sai an lura. In an ce maka bazara, za ka tuna zafin Sakkwato na Afrilu, sama da digiri 40. A duwatsun Montana da Kolorado na Amurka, watannin Maris zuwa Mayu, wato bazararsu, lokacin fitowa daga sanyi ne. Ƙanƙarar kan dutse tana narkewa, rafi ya cika ya yi gudu, wajen Mayu da Yuni ya koma launin koko. Ruwan da safe yana iya zama digiri 4 ko 5. Jikin kifi kuwa zafin ruwa yake bi, don haka sai ya kwanta a ƙasa, bayan dutse ko gefen gaɓa inda igiyar ruwa ta yi laushi. Ba zai bi abinci da nisa ba. Shi ya sa sammako ba ya amfani a wannan lokaci. Mai hankali yakan bari rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa la'asar, ruwa ya doshi digiri 10.

Wane ƙwaro za a ɗaura ke nan? Ƙwararre ba ya fara buɗe akwatin ƙwarin gashinsa. Hannu yake sa wa cikin rafi ya ɗago dutse ya juya shi. A ƙarƙashi zai ga 'ya'yan ƙwari manne, wasu baƙaƙe masu ƙafa shida, wasu cikin ɗan gidan yashi da suka gina wa kansu. Abin da kifi ke ci ke nan, kuma yawancin cinsa a cikin ruwa ne. Sai ya zaɓi ƙwaro mai nutsewa daidai girman wanda ya gani. Shahararre a ciki shi ne Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙira da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar tagulla kawai. Ni wannan ne ya fi burge ni, don ba shi da wani ado, kuma har yau yana kama kifi.

In ruwa ya gurɓace, kifi ba ya gani sosai, sai a koma babba mai duhu irin Woolly Bugger, a ja shi a hankali kusa da gaɓa.

Ranar da aka yi lumshi kuwa, ƙananan ƙwari masu fuka-fuki ruwan toka sukan ƙyanƙyashe su taso saman ruwa da rana. Nan ne ake ɗaura mai yawo a sama, kamar Adams, wanda Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a Michigan a 1922. Ƙugiya lamba 16 ko 18 ake so, kuma ku sani, idan lambar ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Sai ka wurga ta saman inda kifin yake, ka bar ruwa ya kawo masa ita ba tare da igiya ta ja ta ba. Ko kaɗan ta ja, ya gane, ya koma ƙasa.

Abin ya zo Afirka ma. An kai tirawut duwatsun Aberdare na Kenya tun 1905, akwai shi a Lesotho, kuma ɗimbin ƙwarin gashin da ake sayarwa a Turai da Amurka a Kenya ake ɗaura su da hannu. In shinge ya tashi a daminar bana, ina da niyyar ɗaura nawa da gashin zabo in gwada wa karfasar Rima.