Kayan Sallah a Gidan Marayu: Me Yaran Suke Buƙata?

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, sai motoci su fara jeruwa a ƙofar gidajen marayu. Buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, shadda da atamfa. Idan Babbar Sallah ce, ga raguna. A yi addu'a, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Niyyar tana da tushe. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna yatsarsa manuniya da ta tsakiya. Sai dai ɗaukar nauyi ba aikin mako guda ba ne, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Mu leƙa sito bayan Sallah. Taliya har rufi, amma taliya ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta sayen madarar jarirai ko audugar mata, ba ta biyan albashin matan da ke kwana da yaran. Idan damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara a ɗaki ɗaya, masu motocin nan babu ko ɗaya. Yadin da aka kawo ana jibi Sallah kuwa, wane tela ne zai karɓe shi? Ya daɗe da rufe karɓar ɗinki. Takalma kuma an sayo su da ka, wani ya yi wa yaro yawa, wani ya matse.

Saboda haka, kafin ka shiga kasuwa, kira masu kula da gidan ka tambaye su abin da ya yi musu ƙaranci. Idan ɗinki ne, a kai tela ya auna yaran tun farkon azumi. Idan zakkar fidda kai ce, sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, kuma a mazhabar Malikiyya ana iya fitarwa kwana ɗaya ko biyu kafin Idi, don ta isa a kan kari. Gidan ma a bincika: yana da rajista da ma'aikatar harkokin mata ta jiha? In ka ba da kuɗi, karɓi rasit.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙungiyoyi irin su Save the Children sun ƙiyasta cewa kusan yara 8 cikin 10 da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne yakan raba su da gida. Kuma girma a irin wannan wuri yana barin tabo. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, an tarar da yara sama da 100,000 a gidajen raino na gwamnati. A shekarar 2000 masana suka fara bibiyar yara 136 daga irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin basira da iya sabo da mutane. Ruwanda ma tun 2012 ta shiga rufe gidajen marayu tana mayar da yara cikin dangi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda goggo ko kawu ko kaka ke karɓar riƙo. Yawancin marayunmu suna cikin unguwa, wajen uwar da ta gama takaba tana sayar da ƙosai. Jarin da ka ƙara mata na iya hana ɗanta ƙarewa a gidan marayu tun farko. Ita ma a sa ta a lissafin Sallah.

Batun hoto kuwa, a yi hattara. Yaron da aka tsayar gaban buhu aka watsa fuskarsa a Facebook zai girma, abokan makarantarsa kuma suna da waya. A ɗauki hoton kayan, a ƙyale fuskar yaro.

Sai waɗanda aka fi mantawa, manyan cikinsu. Kowa jariri yake son ɗauka, amma ɗan shekara 17 da ke dab da barin gidan shi ne ke cikin zullumi: babu uban da zai tsaya masa, babu gidan da zai je yawon Sallah. Shi kuɗin jarrabawar WAEC ko JAMB yake nema, ko maigidan da zai koya masa walda ko gyaran waya. Budurwar kuma keken ɗinki, da wanda zai yi mata kayan ɗaki idan aure ya zo. Wanda ya ware dubu sittin don Sallah zai iya raba ta dubu biyar-biyar duk wata, a kan yaro ɗaya da ya san sunansa da ajinsu, ya kuma riƙa neman katin sakamakonsa a ƙarshen kowane zango.