Abin da Ɗaliban Noma Ke Koyo a Gonar Shanu da Namun Daji a Limpopo

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yau muna lardin Limpopo a arewacin Afirka ta Kudu, inda ake kawo ɗaliban noma da kiwo, har da waɗanda suka zo karatu daga wasu ƙasashe, su ga wata irin gona: shanu a nan, raƙumin dawa da jakin dawa da ɓauna a can, kuma duk dukiyar mutum ɗaya ce.

To ta yaya naman daji ya zama dukiyar manomi? A da, dabbar daji ba ta kowa ba ce. Manomi kallon mai cinye wa shanunsa ciyawa yake yi mata, da ya gan ta sai harbi. A 1991 aka kafa dokar da ta ce duk wanda ya kewaye filinsa da shinge mai inganci, hukuma ta ba shi takardar shaida, dabbobin da ke ciki nasa ne. Shi ya sa kuke ganin tsayin wayar shingen nan ya kai mita 2.4. Akwai kudu, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda shingen shanu ba ya tare ta. Daga nan kuɗi ya fara shigowa ta hannun mafarauta, da 'yan yawon buɗe ido, da gwanjon dabbobi masu rai.

Jajayen shanun nan kuwa Bonsmara ne. Farfesa Jan Bonsma ya fara samar da irinsu a 1937, a tashar bincike ta Mara da ke wannan lardi, inda ya haɗa shanun Afrikaner na gida da Hereford da Shorthorn na Ingila don su jure zafi da kaska.

Dabarar haɗa kiwon biyu ita ce, saniya ciyawa take ci, kudu da raƙumin dawa kuma ganyen bishiya, don haka fili ɗaya na iya ciyar da duka. Amma akwai iyaka, kuma wannan ne darasin da nake ganin ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe. A shekarun 1980, kudu suka riƙa mutuwa a gonaki masu shinge alhali cikinsu cike da ganye. Wouter van Hoven na Jami'ar Pretoria ya bi sawu, ya gano cewa bishiyoyin ƙaya, idan aka matsa musu da ci, sukan ƙara wani sinadari mai bauri a ganyensu, irin wanda majemanmu ke samu a bagaruwa. Idan ya yi yawa, abinci ba ya narkewa. A daji dabbar za ta yi gaba ta nemi wata bishiya, a cikin shinge kuwa babu wurin zuwa. Yawan dabbobin da aka zuba ya fi ƙarfin filin.

Sai batun cuta. Akwai wata dabba mai jela irin ta doki da ake kira wildabis. Tana ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta yi mata komai, amma saniyar da ta kamu, majina za ta yi ta zuba, idanu su yi fari, kuma da wuya ta tashi. Lokacin haihuwar wildabis abin ya fi tsanani, don haka ake nesanta garken shanu da su sosai.

Ɓauna ta fi kowa tsauraran ƙa'idoji. Tana iya ɗaukar ciwon baki da kofato, da tarin fuka, da cutar da ke sa shanu ɓari, da wani zazzaɓi mai kisa da kaska ke yaɗawa. Ba a haɗa ta da shanu, ba a kuma ɗaga ta daga gona zuwa gona sai likitan dabbobi na gwamnati ya gwada ta, an ba da izini. Wadda aka tabbatar da lafiyarta tana da tsada ƙwarai. A 2016 an sayar da kashi ɗaya cikin huɗu na haƙƙin mallakar wani namijin ɓauna mai suna Horizon a kan rand (kuɗin Afirka ta Kudu) miliyan 44.