Jawabin Maraba na Mazauna Bakin Tabki a Zinder ga Mai Girma Minista

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau; mai girma Gwamna; wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin Sarki; masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, samari da 'yan mata.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da hanya. Wanda ya taso daga Yamai ya yi tafiyar kusan kilomita 900, sannan ya bar gudoro ya shigo lungunmu da ƙafarsa, ya gama yi mana komai na girmamawa. Ba za mu tsaya lissafa ayyukanka ba, rediyo ta riga mu, kuma tafin hannu ba ya rufe rana. Allah ya ƙara girma, ya kare ka daga sharrin masu sharri.

Kwamitinmu ya yi zama uku a kan wannan takarda, kuma dattawa suka ce a faɗi buƙata tun da fari, kada a zo ƙarshe a ce lokaci ya ƙure. To ga ta: muna roƙon a gina mana kanibo, babbar hanyar ruwa ta siminti, da za ta janye rarar ruwan tabkin nan zuwa bayan gari, kafin damina mai zuwa. Sauran abin da za ka ji duk bayanin wannan ne.

Ranka ya daɗe, mu nan mutanen gaɓa ne, ko da yake Allah bai ba Nijar teku ba. 'Ya'yanmu masu zuwa Kwatano da Legas ɗauko kaya, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, sukan dawo su ce mutanen bakin teku sun fi mu kwanciyar hankali, domin su sun san inda ruwansu yake tsayawa. Namu ba shi da iyaka. A watan bazara tabkin nan yakan janye har yara su yi ƙwallo a cikinsa, masu bulo su kafa sana'a a tsakiyarsa. Da watan Agusta ya kama, sai ya zo ya yi mana sallama a bakin ƙofa, wata shekarar ma ba ya jiran a amsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, yana nan a fili ga duk wanda ya ɗaga kai ya dubi manyan duwatsun Birni. Zinder a kan dutse take zaune. Waɗancan duwatsu da baƙi ke ɗaukar hoto kawunansu ne kawai suka leƙo, jikin yana shimfiɗe a ƙarƙashin garin. Ruwan sama in ya sauka ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi gangare. Da can gonaki da yashi suna shanye wani abu a hanya. Yanzu tudun duk ya zama gidaje, rufin kwano da daɓen siminti, kowa ya juya indararonsa waje. Abin da ya zuba a kan unguwannin tudu cikin awa biyu, a nan kwari yake kwana. Wani sashen tabkin ma hannun mutum ne ya zurfafa shi, domin shekara da shekaru daga irin waɗannan ramuka ake ɗibar ƙasar gina garin. Wato mu aka bar wa ramin, wasu suka tafi da ginin.

Kuma wannan dutsen da ke turo mana ruwa da damina, shi ne yake hana mu shi da rani. Ka haƙa rijiya, gaba kaɗan sai diga ta yi ƙara. Shi ya sa ruwan da Zinder ke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Kafin ya iso ƙarshen bututu, inda muke, ya gaji. Matanmu kan tashi ƙarfe uku na dare su jera bido a bakin pampo, in iska ce kawai ta fito su koma jiran 'yan ga-ruwa, ga tabki kore shar a gabansu wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki.

Mu nawa ne? Ƙidayar 2012 ta ba birnin Zinder mutum 322,935 a da'irorinsa biyar, ta ba jihar baki ɗaya 3,539,764, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar nan yawan jama'a. A lokacin an ce al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato cikin shekara 18 ko kusa da haka sai ta ninka. Yaron da aka ƙirga a goye a 2012 yau yana koleji. Inda muka kafa wannan rumfa kuwa gonar gero ce a wancan lokaci. Duk wanda ke raba makaranta da likita da pampo da lissafin 2012, rabinmu ba ya ganinsu.

Jama'ar bakin tabki kowa da kowa ne: Hausawa, Barebari, Buzaye, Fulani, Tubawa. Wasu yunwar 1973 da 1974 ce ta koro iyayensu daga karkara, wasu ta 1984, wasu ta 2005. Wasu kuma 'yan asalin Birni da Zango ne da gidan gado ya yi wa kaɗan, suka nemi fili mai araha. Akwai masu cewa wa ya aike ku zama a hanyar ruwa. Ba marmari ya kawo mu ba, kuma da yawanmu muna riƙe da takardun filayenmu.

Ba baƙin tarihi ba ne mu, ranka ya daɗe. Wannan Damagaram ce, wadda ayarin Kano da na Borno da na Agadas ke haɗuwa a cikinta. Nan Sarki Tanimu ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙeransa suka ƙera igwa, tun kafin rasuwarsa a 1884. Nan Sarki Amadu Kuran Daga ya tsaya wa Nasara, aka gwabza a Tirmini a 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin Nijar, kafin Turawan Faransa su kwashe kujerar su kai Yamai, kuma cikin hujjojin da suka kawo har da rashin ruwa. Da ruwa aka karɓe mana sarautar ƙasa, ga shi kusan shekara ɗari bayan nan har yanzu zancen ruwa muke yi wa baƙonmu. A yi mana afuwa in muryarmu ta ɗan tashi a nan.

A damina ta 2024 duniya ta ji labarinmu, ranar 3 ga Satumba, da tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Kowa ya yi kuka, mu ma mun yi. Amma in ginin da ke kan tudu, wanda ake yi wa yaɓe, ya kasa jurewa, sai ka auna ɗakin talaka a kwari. A wannan lungu na bayanka wata tsohuwa ta kwana a zaune kan turmi, da jikanta a cinya, tana riƙe da fitilar waya tana kallon bango yana jiƙewa daga ƙasa kamar an tsoma tsumma. Da asuba samari suka fito da ita a amalanke. Ba su kai bakin hanya ba suka ji faɗuwar ɗakin. Buhun gerenta biyu suna ciki. Iyalai da dama a ajin lakwal suka yi makonni, da aka zo komawa karatu aka ce su tashi.

Bayan ruwa kuma sai sauro. Daga Satumba zuwa Nuwamba babu gidan da ba a kwantar da yaro ba.

An zo mana, ba mu ce ba a zo ba. An kawo tabarmi da barguna da shinkafa, mun gode, Allah ya saka. Sau biyu kuma wasu suka zo da na'urar awo, suka kafa turaku masu jan fenti daga bakin tabki har bayan gari, suka ce aiki ya kusa. Turakun nan awaki ake ɗaurewa a jikinsu yanzu. Bargo ba ya tare ruwa, ranka ya daɗe, kanibo muke roƙo.

Muna da sauran buƙatu, za mu ambace su a gurguje: ƙarin pampo na unguwa, ƙarin azuzuwa don yaranmu su bar rumfar zana, ɗakin haihuwa kusa, da kuma a shigar da sababbin lungunanmu cikin taswirar gari idan an tashi ƙidaya. Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya, ba sai mun koma zama na huɗu ba. Ajin da aka gina a hanyar ruwa ma rushewa zai yi.

Ba hannu sake muka zo ba. Samarinmu sun yi alkawarin haƙa da ɗaukar yashi, masu amalanke sun ce za su kawo tsakuwa, matan unguwa sun ɗauki nauyin hana zuba shara a ciki idan an gina, domin mun ga yadda leda ke toshe na cikin gari. Masu filayen da hanyar za ta ratsa mun zauna da su gaban masu unguwa, sun yarda. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne siminti da ƙarfe da injiniya, da sa hannunka.

Ga 'yar tsarabarmu, matashin fata ɗinkin dukawan Zinder, a karɓa da haƙuri. Sannan muna da roƙo ɗaya ƙarami kafin ka shiga mota: ka taka tare da mu zuwa bangon masallacinmu, ga shi can ana hange. Akwai layin da ruwa ya bari a jikinsa, mun hana a shafe shi sai ka gani. Mai unguwa zai tsaya kusa da shi, ya kai masa ƙirji.

Allah ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin mazauna bakin tabki, Zinder.