Angela Brazil: abin da ta canja a labarin 'yan matan makaranta

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Tambayoyi biyu ne suke ta dawo mana game da matar da kuke gani a wannan tsohon hoto, marubuciya Angela Brazil.

Ta farko mai sauƙi ce: 'yar ƙasar Birazil ce? A'a, Baturiyar Ingila ce. An haife ta a garin Preston ranar 30 ga Nuwamba, 1868, mahaifinta manajan masaƙar auduga ne. Sunan ma ba kamar na ƙasar ake faɗinsa ba, "Brazul" ake cewa. Sai dai masu ruɗewa suna da ɗan uzuri, domin mahaifiyarta daga Rio de Janeiro aka kawo ta makarantar kwana a Ingila tana 'yar shekara 10. Labarin uwar ne Angela ta ɗauko ta gina littafinta na farko na makaranta, The Fortunes of Philippa, a 1906.

Tambaya ta biyu ita ce ta tara mu yau. Mutane da yawa suna cewa ita ta ƙirƙiro labarin makarantar 'yan mata. Ba ita ba ce. Tun 1749 Sarah Fielding ta rubuta The Governess, labarin wasu yara mata da malamarsu. A 1886 kuma L. T. Meade ta fitar da A World of Girls, ya kuma karɓu sosai. To, in an riga ta da sama da shekara 150, me ya sa sunanta ake fara kira?

Ku ba ni hankalinku a nan. Abin da ta canja shi ne wurin da mai karatu yake tsayawa.

Mu ɗauki misali. An kashe fitilar ɗakin kwana, yarinya ta sulale daga gadonta ta tafi wajen ƙawarta, alhali doka ta hana. A yawancin tsofaffin littattafan, kai mai karatu a bayan malama kake tsaye. Ka ga laifi, ka ga horo, ka ga kuka da tuba, sannan marubuciya ta juyo ta yi maka nasiha. Yarinyar tamkar allo ce kawai da aka rubuta darasi a kai.

A wajen Angela, kan gadon aka zaunar da kai. Kana jin bugun zuciyar yarinyar, kana jin raɗar ƙawarta, kana danne dariya tare da su lokacin da takun malama ya wuce bakin ƙofa. Damuwarta ma irin ta 'yar shekara 14 ce: kada a kama ƙawata saboda ni, kada a cire ni daga 'yan wasan hoki, wa zai zauna kusa da ni gobe. Duk wadda ta taɓa kwana a makaranta ta san waɗannan abubuwa ba ƙanana ba ne a lokacin.

Kada ku ɗauka ta watsar da tarbiyya. Satar amsa abin kunya ne a littattafanta, haka ƙarya, haka cin amanar ƙawa. Amma sau da yawa 'yan ajin ne suke nuna wa mai laifi ta yi ba daidai ba, tun kafin magana ta kai ofishin shugaba. Ni a ganina wannan ya fi shiga ran yarinya, don ta san yadda shirun ƙawaye yake da ciwo.

Sai harshe. Ta bar 'yan matanta suna magana da kalmomin yayi, irin waɗanda manya ke jin haushinsu. Nan fa ta taɓo shugabannin makarantu. Wasu sun hana shiga da littattafanta, har ma a 1936 shugabar makarantar 'yan mata ta St Paul's da ke Landan ta faɗa a taron safe cewa tana ji kamar ta tattara su duka ta ƙona. Su kuwa yaran, sai ƙara saye suke yi.

Lokaci ma ya taimake ta. Daga shekarun 1870 makarantun sakandaren mata suka yi ta ƙaruwa a Ingila, aka samu ɗimbin 'yan mata masu karatu da suke neman ganin kansu a takarda. Kamfanin Blackie ya yi ta buga mata, ta rubuta labaran makaranta kusan 50, aka sayar da kwafi sama da miliyan 3.

Wannan layin gidajen da kuke gani shi ne The Quadrant a birnin Coventry. Nan ta koma a 1911 tana kula da gidan yayanta Walter, wanda likita ne. Ba ta yi aure ba. Ta riƙa shirya wa yara walima, ta kuma ba da ƙarfinta wajen adana tsirrai da kayan tarihin garin.

Akwai inda nake da ƙorafi. Makarantunta na 'ya'yan masu hali ne, 'yar ma'aikacin masaƙa ba ta cika samun kujera a ajin ba. Kuma takan warware labari da sa'ar da ta yi yawa, kamar dangi da ya ɓace ya bayyana, ko dukiyar gado ta faɗo ba zato.

Wani abin da ba ta cika yi ba shi ne jerin littattafai a kan makaranta ɗaya. Kusan kowane littafi da sababbin yara yake zuwa. Waɗanda suka biyo ta ne suka kama wannan hanya. Elinor Brent-Dyer ta fara jerin Chalet School a 1925. Enid Blyton kuma ta fitar da littafin farko na Malory Towers a 1946, shekarar da littafin Angela na ƙarshe ya fito. Angela ta rasu a Coventry ranar 13 ga Maris, 1947, tana da shekara 78.